Ɗan Damagaram da Dokar Gidan Gem

Ni na rubuta dokar. Gara in faɗa tun da wuri, don a garinmu idan abu ya ɓaci sai ka ji ana cewa kwamiti ne ya yanke, kamar kwamitin wani aljani ne da yake saukowa daga kan kuka. Mu huɗu ne a kan benci, kuma biron yana hannuna.

Garinmu yana tsakanin Gezawa da Zakirai, cikin ƙauyukan nan da idan ka tsaya a ƙarshen gonarku kana hango rumbunan gari na gaba. Muna da masallacin Juma'a, da injin niƙa biyu, da gidan gem ɗaya. Gidan gem ɗin shago ne mai ƙofar kwano, da talabijin biyu, da sola a kan rufi, da benci uku, ɗaya daga ciki sai an tokare shi da bulo. A nan muke buga ƙwallo ta talabijin, kowa da fad a hannunsa, wato abin latsawar nan mai maɓallai. Da rana ta faɗi batir yake fara kuka, saboda haka wasanmu tsakanin la'asar ne da magariba. Wannan ya taimaki mutuncinmu a wurin dattawa, duk da ba mu ne muka tsara shi ba.

Duk shekara idan kaka ta yi, an girbe dawa an kai gida, ƙauyuka biyar na yankinmu sukan yi gasa. Kowane gari ya kawo mutum biyu, ana zagayawa ranar Asabar. Kofin na roba ne da aka fesa wa ruwan zinare, kunnensa ɗaya ya taɓa ɓallewa aka liƙe. Bai taɓa kwana a garinmu ba, amma mun sha riƙe shi a ɗauke mu hoto kafin masu shi su karɓe.

Mutanenmu biyu sanannu ne. Na farko tela ne, kuma shi tsakani da Allah ya iya. Na biyu ni ne. Ba zan ce na fi sauran ba. Na dai yi karatun koyarwa a Bici, ina koyarwa a wata firamare a bakin birni, ni ne sakatare, ni ke rubuta jadawali, kuma ba a cika goge sunan wanda yake riƙe da biro ba. Shekara shida ina kan wannan kujera. Ina son ta fiye da yadda ya kamata magidanci mai 'ya'ya biyu ya so irin wannan abu. Sati biyar ne a shekara da in na shigo wani gari a bayan babur ake nuna ni ana cewa ga ɗan wasansu nan.

Sai ga ɗan Damagaram.

Ya zo ne cin rani, yana haƙa rijiya da masai, da damina ta sauka bai koma ba. Mai unguwa ya ba shi ɗaki a ƙarshen gari, wani ya ba shi aron gona, shekara ta zagayo ya je ya ɗauko matarsa. A nan ta haifa masa 'ya mace, mun kuwa ci wainar suna har da guzuri. Mutum ne marar yawan magana, mai tafin hannu kamar busasshiyar fata.

Akwai wani aiki da ya ɗauka ba wanda ya sa shi. A garinmu ba a ɗaukar mai haƙa kabari. Idan an yi rasuwa, sai a auna mamacin da karan dawa, a kai karan maƙabarta, duk wanda yake kusa ya ɗauki diga. Tunda ɗan Damagaram ya zo, sai ya zama kafin a gama sanar da mutane shi ya riga ya isa da kayan aikinsa. Ya san ƙasa, ya san inda dutse yake da inda take zubewa. Ni kuwa a jana'iza ina cikin masu fararen kaya, waɗanda suke tsayawa a inuwa su jira a gama, sannan su matso da fuskar jimami.

Ɗan Damagaram ya yi kamar sati yana zuwa gidan gem yana kallo daga bakin ƙofa, 'yarsa a kafaɗa. Rannan sai ya ce ko za a ba shi ya taɓa. Ni na miƙa masa fad da hannuna, har ina nuna masa maɓallin bugu. Ya gode. Abu na farko da ya yi shi ne ya juya harshen na'urar zuwa Faransanci, abin da ya ɗauki mai shago kwana biyu kafin ya gano hanyar dawo da shi. Abu na biyu, ya ci ni huɗu da nema.

Na ce fad ɗina ne yake maƙalewa. Muka yi musaya. Ya ci ni biyar.

"Gaskiyarka, Malam," in ji shi, yana jujjuya fad ɗin. "Yana ɗan maƙalewa."

Ashe yayansa yana da irin wannan shago a can garinsu. Ba ya ihu idan ya ci, ba ya tashi tsaye. Yana ba da ƙwallo ne a hankali, nan da can, nan da can, kamar mai shuka, sai ka ga raga ta motsa. 'Yar tasa kuwa tana zaune a cinyarsa tana tauna wayar fad ɗin, saboda lokacin haƙora take fitarwa. Tela ma ya sha kashi a hannunsa, amma shi tela daɗi ya ji, ya riƙa rufe shagonsa da wuri don su kara. Ni ban ji daɗi ba. Na iya lissafi, kuma kujera biyu ce.

Allah ya kawo mini dalili daga waje. A gasar da ta wuce, wani gari ya kawo wani ɗalibi daga birni aka ce ɗan ƙanwar mai garin ne, ya share kowa ya tafi da kofi, daga baya aka gano ko hanyar garin bai sani ba sai da aka je tasha aka ɗauko shi. Saboda haka ƙauyukan biyar suka amince daga yanzu sai ɗan gari. Da yake a garinmu za a buɗe gasar bana, mu aka ɗora wa rubuta abin da ake nufi da ɗan gari.

Muka zauna a gindin darbejiyar da ke gaban shago: ni, da tela, da mai shago, da ciyaman. Ciyaman taki yake sayarwa. Bai taɓa riƙe fad ba, amma yana da murya da babbar riga, kuma kwamiti yana buƙatar duka biyun.

"Abin mai sauƙi ne," in ji ciyaman. "Wanda aka haifa a garin."

Na fara rubutawa. Tela ya yi gyaran murya ya ce shi ɗan fari ne, kuma kowa ya san inda ake haihuwar ɗan fari. Innarsa gidan iyayenta ta tafi goyon ciki, can wajen Bici, a can cibiyarsa take. Muka duba muka ga rabin 'yan farin garin haka suke, har da ciyaman. Na soke.

"To wanda asalin ubansa na nan ne," in ji ciyaman.

Mai shago ya juya ya kalli talabijin ɗinsa. Kakansa daga Borno ya zo da fatauci ya zauna, kuma babu ranar da ba ma tsokanarsa da haka. Ya ce ba damuwa, in shi ba ɗan gari ba ne, ya san talabijin ɗinsa ma ba 'yan gari ba ne, sai ya mayar da su Borno. Na sake sokewa.

Aka ce wanda yake noma a garin. Wannan ni na yi saurin kashe shi, don ɗan Damagaram yana noma, ni kuwa rabona da fartanya tun ina sakandare.

Daga nan mai shago ya faɗi abin da yake ransa. Ya ce dokar an yi ta ne don masu haya daga birni, ba don mutumin da yake shan ruwan rijiyarmu ba, rijiyar ma da shi ya yashe ta. Ya ce a bar shi ya buga, ko Allah zai sa kofin nan ya san hanyar garinmu. Tela ya goyi bayansa, ya ce shi tun da ya fara karawa da mutumin ya san ashe da can wasan yara yake yi. Ciyaman ya girgiza kai ya ce in muka buɗe wa Damagaram ƙofa yau, gobe mutanen Zakirai za su kawo ɗan Kamaru su ce maƙwabci ne.

Sai na miƙe na yi jawabi. Na yi magana a kan matasanmu masu tasowa, da yadda baƙo zai toshe musu hanya, da yadda gasar ƙauye take zama ta ƙauye. Jawabin ya yi kyau, har wani mai wucewa da jaki ya tsaya. Matashin da nake karewa shekararsa talatin da ɗaya, ya fara tumbi, kuma shi ne yake jawabin.

Na ce ga mafita. Ɗan gari shi ne wanda yake da wani nasa na jini a maƙabartar garin.

Kowa ya shiga ƙirga matattunsa. Kakan mai shago yana can. Uban tela yana can. Ciyaman yana da layi guda. Ni kakannina duka biyu. Duk wanda muke so ya shiga ya shiga, wanda ba na so ya tsaya a waje, kuma ba a ambaci sunan kowa ba. Ciyaman ya ce wannan shi ne amfanin boko. Mai shago ya ce shi bai yarda ba, amma tela bai sake goya masa baya ba, don tela ba ya son rigima, sai aka tashi a haka. Na kwana ina jin kaina mai hikima.

Da na ba Baba labari a zaure, yana tufkar igiya, bai ɗago ba sai da na gama.

"Wato matattu kuka kira shaida a kan wasan yara?"

Na ce ai magana ce kawai a takarda, Baba.

"Maƙabarta ba ta san wasa ba," in ji shi. Ya ci gaba da tufkarsa, ni ma na tashi, don na san in na ƙara zama zai aike ni.

Na rubuta dokar da manyan baƙaƙe na liƙa a ƙofar shago. Ɗan Damagaram ya zo da la'asar ya tsaya ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa. Ina zaune ina yi kamar ina duba waya.

"Malam," ya ce, "sababbin kaburburan nan na gefen tsamiya, kusan duka ni na haƙa. Ba za a lissafa mini ko ɗaya ba?"

Na ce doka ce, ba ni kaɗai na yi ba.

Ya yi 'yar dariya. "Gaskiya ne. Babu nawa a ciki." Ya gyara wa 'yarsa zama a kafaɗa ya shiga ya nemi wuri.

Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Kullum sai ya zo, kuma da gasa ta matso shi ya riƙa zama da ni yana nuna mini inda nake barin baya a buɗe. Ranar wasana na farko yana zaune a bayana, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa ba shi ta hagu, Malam, ta hagu. Na ba shi ta dama, don kada a ce. Aka ci ni uku da ɗaya. Tela ya kai wasan ƙarshe aka fitar da shi a fanareti. Muka riƙe kofin aka ɗauke mu hoto.

Sauran ƙauyukan kuwa sun karɓi dokar hannu biyu. Har aka yi wata Asabar da aka dakatar da wasa aka ɗauki babura zuwa maƙabartar wani gari, don a nuna wa alƙalin wasa kabarin kakar wani ɗan wasa. Kaburburanmu ba su da suna. Yaron ya nuna wani tudu, alƙali ya ce Allah ya jiƙanta, aka dawo aka ci gaba.

Rani ya wuce, damina ta sauka. Ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, lokacin da sauro yake cin kasuwarsa, zazzaɓi ya kama 'yar ɗan Damagaram. Kwana biyu ta yi. An kai ta asibiti a Gezawa, aka dawo da ita da safiyar Asabar a naɗe cikin zanin uwarta.

Ina gida ranar, babu makaranta. Maza kusan duk suna gona. Mai shago ne ya yi mini sallama, da na fito na gan shi da kara a hannu. Karan bai kai ƙuguna ba.

"Wa zai haƙa?" na tambaye shi, don shekara huɗu ba a yi wannan tambayar a garinmu ba.

"Ni da kai da tela," ya ce.

Muka biya gidan mamaciyar muka ɗauki diga da shebur na uban, suna jingine a inda yake ajiye su. Ban taɓa haƙa kabari ba. Ban san ana fara buɗe babban rami sannan a yanka ƙarami a cikinsa ba sai da mai shago ya nuna mini. Ƙasar ta sha ruwa, tana manne wa diga, kafin mu kai gwiwa tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ina cikin ramin, ina gwada karan a ƙasa, dokar ta faɗo mini a rai da baƙaƙenta yadda na rubuta su. Ranar da muka zauna a gindin darbejiya, kowa iyaye da kakanni ya ƙirga. Babu wanda ya tuna mutum yana iya samun nasa a maƙabarta ta ɗaya hanyar. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu inda zan kai ta, sai na ci gaba da haƙa.

Kafin a kawo gawar sai ga uban ya zo shi kaɗai. Ina jin ƙafarsa ce ta saba. Ya tsaya a bakin ramin ya duba aikinmu.

"Malam, ka ɗan gyara ta gabas," ya ce. "Ƙasar nan tana zubewa in ta sha ruwa."

Na gwada, ban iya ba. Ya cire takalmi ya sauko, ya karɓi shebur ɗin, ya daidaita gefen, ya shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Sannan ya fita ya koma ya ɗauko ta.

Na je gaisuwa kwana uku a jere. Na zauna a tabarma na ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce, ya ce amin. Ban iya haɗa ido da shi ba. A ranar ta uku na biya ta shago na ɓalle takardar daga ƙofa. Ruwa ya riga ya wanke rabin rubutun, amma kowa ya haddace ta. Mai shago yana kallona, bai ce ai na faɗa ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka.

Ɗan Damagaram bai sake zuwa gidan gem ba. Fad ɗin da 'yar ta tauna yana nan, da sawun haƙora huɗu a jikin wayar. Mai shago ya sa shi a leda ya ajiye a saman kanta, ya ce ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Da kaka ta zagayo muka sake zama a gindin darbejiya don fitar da mutum biyu. Ciyaman, wanda Allah bai hore wa sanin inda ake yin shiru ba, ya ce in dai doka za a bi, ai yanzu mutumin ya cancanta. Tela ya tashi ya bar wurin. Na ce a soke dokar gaba ɗaya, a rubuta wa sauran garuruwa cewa duk wanda yake zaune a gari ɗan gari ne, kuma na sauka daga kujerata na ba shi. Babu wanda ya roƙe ni in zauna. Na lura da wannan, kuma na cancanci in lura.

Na ce ni zan kai masa saƙon. Na same shi da hantsi a bayan gari yana haƙa wa wani rijiya. Abokin aikinsa ya tafi neman ruwan sha, saboda haka babu kowa a sama sai igiya da guga. Na durƙusa a bakin ramin na yi sallama. Ya yi nisa, hularsa kawai nake gani da farin idonsa. Na shirya magana tun daga gida, mai tsari, da gabatarwa da komai, amma rijiya ba ta karɓar dogon jawabi. Na ce kwamiti ya soke dokar nan, kujerata tasa ce, kuma ina roƙonsa ya yafe mini.

Ya daina sara. Na ji ƙasa tana zuba kaɗan-kaɗan a ƙasan ramin.

"Da kun bar ta, Malam," ya ce. "Ai na cika ta."

Ya ce ba komai, ya yafe, amma ba zai buga ba, hannunsa ya manta, a ba wani yaro. Ya ce in gaishe da tela. Sannan ya girgiza igiyar ya ce tunda ina nan, in taimaka in ja masa gugan, ya cika.

Na ja. Ƙasa ce ja mai danshi, ta fi yadda na zata nauyi. Na juye ta a gefe, na mayar masa da gugan, na tsaya ina jiran ya sake cika.